Mai Danna Ja

Injiniya ya kurɓi shayinsa, ya buɗe bayanan da suka shigo ta shafin asibitin ido, ya ja tsaki. Ga ta nan ta sake dawowa.

Shi ya gina shafin. Duk abin da mai neman ganin likita ya rubuta a gurabe, da maɓallin da ya danna, a gabansa suke faɗowa. Kore na aikawa ne, ja na fasawa. Ko akuya, in ji shi, za ta gane wannan. Amma baiwar Allahn nan kullum ja take dannawa.

Ba ma wannan ke ba shi haushi ba. A gurbin suna sai ta yi sallama, ta gai da likita da iyalinsa. A gurbin shekaru ta rubuta "da dama". A gurbin lambar waya ta ce ba ta haddace ba, saya mata aka yi. Injiniya kan karanta wa 'yan ofis da muryar tsofaffi, har da karkarwa, su yi ta sheƙa dariya.

Akawun ofis ce kaɗai ba ta dariya. Ta ce ya sa matar a layi kawai, tunda ta rubuta idonta na dama ya rufe, na hagu ya fara hazo, ga shi yau ake rufe ɗaukar waɗanda za a yi wa aikin ido na bana. Wataƙila ma jan ne kawai take iya gani.

Ya ce shi ba ɗan aiken jahilai ba ne, wanda ya danna fasa ya fasa. Haka ya gaya wa ƙanwarsa ma ran da ta ishe shi da kira kan wata hidimar gida: komai yanzu a waya ake yi, kowa ya koya.

Wayarsa ta yi ta ruri a kan tebur, ya kife ta. Lokaci na cika ya rufe layin, ya tattaro tarkacen zai goge.

Wani ya ce ya ja ƙasa tukuna, akwai gurbin da bai taɓa karanta musu ba, na wanda za a kira in wani abu ya faru. Ya ja yana murmushi, ya gyara muryar tsofaffinsa.

Lambar wayarsa ce, babu kuskure ko ɗaya, a gefenta an rubuta: "Ɗana ne, a nan yake aiki, amma don Allah kada a dame shi."