Ina Rijiyarku?

Da mayaƙan suka sauka a tsibirin, jagoransu ya sa aka cinna wa kwale-kwale wuta, nasu da na mutanen gari, don kada kowa ya tsere. Kafin rana ta yi tsaka sun karkashe mazan, sai ƙishirwa ta kama su.

Jagoran ya fizgo wata tsohuwa daga kan gawar ɗanta, ya ɗora mata takobi a wuya.

"Iya, ina rijiyarku?"

Ta goge jinin fuskarta.

"Ɗan nan, duk inda ka haƙa a nan ruwan gishiri ne. Tun kakanninmu daga tsallaken teku muke ɗebowa a kwale-kwale."

Ya waiwaya bakin gaɓa. Hayaƙin ma ya kusa ƙarewa.