Tsakuwa a Faifai Bakwai

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo, in ba ku.

Ranar da injin tsintar tsakuwa ya iso wani kamfanin casar shinkafa a Kalgo, manaja ya tara mata bakwai masu tsinta, ya ce dole a sallami ɗaya. Don kada a ce ya yi son kai, ya ba kowacce faifai cike da shinkafa. Wadda ta fi barin tsakuwa a nata, ita za ta tafi.

Tsohuwar cikinsu, mai hawo mota daga Gwandu kullum, ta dubi ƙaramarsu, ta tuna tana da marayu uku a gida. Sai tsohuwar ta yi ta motsa yatsu kawai, ba ta cire komai.

Manaja ya duba faifan tsohuwa, ya girgiza kai. Ya duba na biyu, na uku, har na bakwai, ya dafe ƙeya.

"Inna, mi kuka yi haka? Babu wadda ta cire ko tsakuwa guda!"

Ƙaramar ta sunkuyar da kai. "Mun ga idon Inna ya yi rauni ne."

"Ja'irai!" in ji tsohuwa. "Ina nan ina ceton ku, ashe ni kuke ceto?"

Manaja ya yi dariya, ya jawo buhu ya zauna, ya nemi shawararsu, abin da ya kamata ya yi tun farko. Suka raba kwanakin aiki a tsakaninsu. Ba a sallami kowa ba, kuma har yau Inna tana can tana yi musu faɗa.