A Ƙarƙashin Tallan Sabulu

Sunan sabulun ya ɓace a bidiyon talla, sai ta zauna a kwamfutar abokin aikinta don ta gyara. Hotunan hawa-hawa suke, na sama yana rufe na ƙasa. Can ƙarƙashin komai ta tarar da hotonta tana dariya, da rubutu: "Za ki aure ni?"

Ya shigo, ya tsaya cak.

"Malam, tun yaushe wannan yake nan?"

"Shekara biyu," ya ce yana sosa ƙeya. "Kowane aiki sai na saka shi."

"Shekara biyu kana binne ni a ƙarƙashin tallan mutane?"

Ta danne murmushi, ta ja hoton sama har ya cika allon.

"Nan ne wurinsa. Baba yana gida ranar Asabar."