Faɗan Teloli Biyu

Kawu ya banko ƙofar shagon ɗinki yana huci. 'Ya'yan ƙanwarsa biyu, duk teloli, sun mai da shi abin nuni, kullum suna zagin juna a bidiyo.

"Buhun gawayi ya fi ɗinkinki fasali!" in ji babbar a bidiyonta.

"Makauniyar tela kawai!" ƙaramar ta rama a nata.

Masu kallo sun rabu biyu, kowa na kai wa gwanarsa ɗinki don ya baƙanta wa ɗayar.

"Yau za a yi ta ta ƙare!" Kawu ya yaye labulen ciki.

Sai ga su kafaɗa da kafaɗa, suna haɗa riga ɗaya suna dariya.

"Kawu, ƙara ɗaga murya," in ji ƙaramar tana saita masa kyamarar waya. "Zaginmu ya fara gundurar mutane."