Alaramman da Ya Fita Zagayen Godiya

Ka ba ni aron kunnenka, ya ɗan'uwa, in buga maka misali. An yi wani alaramma mai jan baƙi a majalisin tafsirin garinsu: shi ke karanto aya da ka, malam ya fassara wa jama'a. Sai Allah Ya jarrabe shi da wata irin gajiya wadda barci ba ya kore ta, hutu ba ya rage ta. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa shi ne dushewar kansa. Yakan ɗauko aya, kafin ya kai tsakiyarta ta suɓuce masa kamar tarwaɗa a hannun masunci. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, yana kwance yana jin muryar wani a lasifika, ba shi da buri sai ya koma kan buzunsa. Likitarsa ba ta ɓoye masa ba: ba a san wa cutar tabbataccen magani ba tukuna, sai dai akwai magungunan da ake jarrabawa saboda dushewar kai, ɗaya bayan ɗaya, a fara da kaɗan. Na farko ya sa shi gyangyaɗi. Na biyu ya sa zuciyarsa bugawa kamar kalangu. Bai yanke ƙauna ba, yana faɗin Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani. Aka shiga na uku, ga watan Sha'aban ya kama.

Wata safiya da hantsi ya buɗe baki, sai ga Suratul Baƙara tana kwararo masa kamar ruwan indararo! Allahu Akbar! Ya faɗi ya yi sujadar godiya, ya ɗago da hawaye a gemu, ya ƙwala wa matarsa kira: "Malama, ɗauko Mus'hafi ki bi ni, in na yi tuntuɓe ki tsayar da ni!" Har ya kai ƙarshen sura ba ta tsayar da shi ba, sai guɗa da ta rangaɗa. Nan take ya aika wa malam cewa bana a shimfiɗa masa buzunsa. Likita ta taya shi murna, ta kuma ja masa kunne: "Alaramma, kanka kawai maganin nan ya buɗe, bai ƙara wa jiki ƙarfi ba. Ka riƙa tsayawa tun kafin ka gaji." Ya ce ya ji. Amma wanda ya tashi daga jinya, ai sai ya taka ya gode wa waɗanda suka zo dubiya. Ya ce a ransa, yaya mutane za su ji muryata a lasifika alhali ba su ga ƙafata a ƙofarsu ba? Ya zuba babbar riga, ya naɗa rawani, ya fita a ƙasa. Kowane zaure ya shiga sai kabbara ta tashi, a rungume shi, a ce, "Alaramma, ja mana ko aya guda mu ji!" Shi kuwa daɗi ya kwashe shi, ya ja musu izu guda cur. In ya shiga gidan wannan, ina halin tsallake na maƙwabcinsa? Bai dawo ba sai da aka kira magariba, yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

Ita wannan cuta ba ta kama mutum a ranar da ya yi mata shisshigi, sai ta bari ya saki jiki. Kafin jibi ko buta ya kasa ɗagawa, ayoyi suka sake yi masa nisa, ga shi bai fasa shan magani ba. Aka ga wata, aka shimfiɗa buzu, wani ya hau. Sai a goman ƙarshe kansa ya sake washewa, aka kai shi majalisi a mota, ya ja abin da ya sauwaƙa, ya tsaya tun da sauran ƙarfinsa. Kashi biyu cikin uku na watan sun tafi a yinin godiya guda. Masu iya magana sun yi gaskiya da suka ce, sauri ya haifi nawa.