Yaro, Matso Kaɗan

Mahaifina mai hoto ne. Ba shi da shago, daga gidanmu a Kwararafa yake rataya kyamara ya bi bukukuwa. Igiyar kyamarar ta daɗe da tsinkewa, ya ɗaure ta da robar tayar keke.

Wata Asabar da rana, ina aji biyar, aka kai ajinmu bikin malamarmu a Naraguta. Ban san shi aka ɗauka aikin hoto ba, sai da na hango shi durƙushe gaban amarya, gwiwar wandonsa duk jar ƙasa.

Can sai Chinedu, ɗan ajinmu da babansa ke da babban kanti, ya zungure ni. "Kai, dubi igiyar oga mai hoto! Ba babanka ba ne?"

Na ce, "A'a, maƙwabcinmu ne."

Ban lura Baba ya taso ba. Yana bayanmu yana canza fim, ya kuma ji.

Da aka jera mu da amarya, ya ɗaga kyamara. A gida "Babana" yake kirana, don sunan mahaifinsa gare ni. Ranar sai ya ce, "Yaro, matso kaɗan." Ya rufa mini asiri a gaban abokaina, ni kuwa na matsa.

Bai taɓa tayar da zancen ba har ya rasu. Yau motoci nake sayarwa, ba wanda nake kasa haɗa ido da shi. Amma hoton nan a kife yake cikin durowata. Duk yaran suna kallon Baba, ni kaɗai nake kallon ƙasa.