Yarinyar Gindin Mangwaro

Faratan Fada Dorsenvil duk sun ɓare, amma bai daina tonon ɓaraguzan ba. Girgizar ƙasa ta kwantar da makarantar cocinsa na Episkofal, kuma ɗiyarsa Mirland a ajin ƙasa take.

"Mirland, ki yi ko tari ne in ji ki."

Wata tsohuwa mai tallan gawayi, baƙuwa daga kan duwatsu, ta ja gefen rigarsa. "Fada, wata yarinya ce can gindin mangwaro, katanga ta faɗo mata a ƙafa. Zo ka yi mata addu'a."

"Iya, sake ni."

"Ba aikinka ba ne?"

"Yau ba ni da aiki. Nemi wani."

Ya ci gaba da tono har jini ya jiƙe masa hannun riga. Tsohuwar ta tafi, ta dawo, ya kore ta. Da ta sake dawowa, sai ta zauna daram a kan dutsen da yake fama ya ɗaga.

"To ka cire farin abin wuyan nan, mu san babu limami a garin. Tun ɗazu take kiranka, har muryarta ta dushe."

"Ni take kira?"

"Zafin ciwo ne ya taɓa mata kai. Ni da na tsufa a Katolika za ta gaya wa? Wai kai ka haife ta. Ina aka taɓa jin Fada da ɗiya?"